Harshen da Aka Hana Ɗalibi, Aka Dawo Ana Koya wa Ɗan Sanda

A shekarar 1954, a wani ƙaramin gari mai suna Marfa da ke yammacin jihar Texas ta Amurka, malaman makarantar Blackwell sun shirya jana'iza ba gawa. Makarantar ta 'ya'yan 'yan asalin Meziko ce zalla, don a wancan zamani ba a haɗa su aji ɗaya da 'ya'yan fararen fata. Aka ba kowane yaro 'yar takarda ya rubuta alkawarin daina magana da Sifaniyanci. Aka tattara takardun a ƙaramin akwati, aka fito da yaran fili, aka haƙa rami kusa da sandar tuta aka binne. Daga ranar, wanda bakinsa ya suɓuce da harshen gidansu, jikinsa ya gaya masa.

A yau, a wannan jiha dai, hukumar da ke ba 'yan sanda lasisin aiki ta sa darasin Sifaniyanci cikin sharuɗɗan samun takardar ƙwarewa ta matsakaicin mataki. A jihohi da dama kuma akwai kwasa-kwasan 'yan koyo da aka tsara musamman don 'yan sandan da ake girkewa a makarantu. Ni sana'ata koyar da manya harshe ce, shi ya sa wannan juyi ya tsaya mini a rai. Na san abin da babban mutum mai aiki da iyali zai iya ɗauka cikin 'yan kwanaki, na kuma san abin da ba zai iya ba. Abin da na fahimta daga tarihin nan shi ne, hukuma ta fara koyon harshen ne don ta ba da umarni, sai daga baya makaranta ta tilasta mata ta fara koyonsa don ta saurara.

Sifaniyanci ba baƙo ba ne a wancan yanki. Amurka ta haɗe Texas a 1845, sannan bayan yaƙi da Meziko, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 ta miƙa mata Kalifoniya da Nevada da Utah da manyan sassan Arizona da New Mexico. Dubban iyalai sun kwana 'yan Meziko sun wayi gari 'yan Amurka ba tare da sun ɗaga ƙafa daga gonakinsu ba. Da farko an yi musu kara: tsarin mulkin Kalifoniya na 1849 ya ce a riƙa buga dokoki da harsunan biyu. Sabon tsarin mulkin 1879 ya soke wannan. A 1918, cikin zafin kishin ƙasa na Yaƙin Duniya na Ɗaya, Texas ta yi dokar da ta mayar da koyarwa da wani harshe ba Ingilishi ba laifi a makarantun gwamnati. A irin wannan yanayi ne wani matashin malami mai suna Lyndon Johnson ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla a 1928. A riƙe sunansa, zai dawo cikin labarin.

Shi kuma ɗan sanda, shigarsa makaranta ta wata ƙofa ce daban. Hukumar makarantun Los Angeles ta kafa rukunin masu tsaronta a 1948, wanda daga baya ya zama rundunar 'yan sandan makarantu. A shekarun 1950 garin Flint na jihar Michigan ya fara girke ɗan sanda na dindindin a makaranta, da niyyar ya saba da yara, su ma su saba da shi. Babu wanda ya yi tunanin harshe a lokacin. An ɗauka duk yaron da ke cikin harabar ko dai yana jin Ingilishi ko kuma ya kamata ya ji.

Wata haɗuwa mai tarihi tsakanin ɗan sanda da ɗalibi mai jin Sifaniyanci ba ta yi daɗi ba. A watan Maris na 1968, dubban ɗalibai daga sakandaren Garfield da Roosevelt da Lincoln da Wilson da Belmont a Los Angeles suka fice daga azuzuwa. Cikin buƙatunsu har da koyarwa da harsuna biyu da daina hukunta yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. 'Yan sanda suka tarbi wasunsu da kulake. Aka gurfanar da mutum 13 bisa zargin haɗa baki, ciki har da wani malami mai suna Sal Castro, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da tuhumar. Bayan shekara biyu, a Afrilun 1970, abin ya isa garin Uvalde na Texas. An ƙi sabunta kwangilar George Garza, malami a firamaren Robb wanda iyayen da ba sa jin Ingilishi suka dogara da shi wajen tafinta. Ɗaruruwan yara suka ƙaurace wa makaranta har kusan mako shida.

Doka ta fara sauyawa a daidai wannan tsakani. A Janairun 1968 tsohon malamin Cotulla, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya sa hannu kan dokar koyarwa da harsuna biyu da Sanata Ralph Yarborough na Texas ya jagoranta. A 1969 Texas ta halatta abin da ta haramta tun 1918. A 1974 Kotun Ƙoli, a shari'ar Lau da Nichols wadda 'ya'yan Sinawa na San Francisco suka shigar, ta ce zaunar da yaro a ajin da ba ya jin harshen koyarwa ba tare da taimako ba tauye masa haƙƙi ne. Sai shari'ar Plyler da Doe a 1982. Hukumar makarantun garin Tyler ta nemi iyayen da ba su da takardun zama su riƙa biyan dala 1,000 a shekara kan kowane yaro. Alƙalai biyar cikin tara suka ce a'a, ƙofar makaranta a buɗe take ga kowane yaro. Wannan hukunci shi ya tabbatar da cewa ɗan sandan makaranta zai riƙa haɗuwa kullum da yaran da iyayensu ke tsoron duk wani mai kaki.

Buƙatar kwas ɗin da muke magana a kai ta taso ne tun daga shekarun 1990, lokacin da abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, masu jin Sifaniyanci suka bazu zuwa jihohin da ba a saba ganin su ba, suna bin aikin mayankar kaji da masaƙar darduma da gine-gine. A North Carolina kaɗai, tsakanin ƙidayar 1990 da ta 2000, yawansu ya ninka kusan sau biyar. Garuruwa irin su Siler City da Dalton ta jihar Georgia suka wayi gari da azuzuwa cike da yaran da babu ma'aikaci ɗaya da zai iya tambayar su sunansu. Na biyu, harbin sakandaren Columbine a ranar 20 ga Afrilu 1999 ya girgiza ƙasar, gwamnatin tarayya ta zuba sama da dala miliyan 700 cikin 'yan shekaru don ɗaukar 'yan sandan makaranta fiye da 6,000. Aka samu ɗan sandan da bai taɓa fita daga gundumarsu ba yana tsaye a ƙofar makarantar da rabin iyayen yaranta ba sa jin abin da yake faɗa.

To me za a koya masa? Abin da ke hannu a lokacin Sifaniyancin kan titi ne da na kan iyaka. Rundunar tsaron iyaka, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana koya wa sabbin jami'anta harshen, yanzu a makarantarta da ke Artesia a New Mexico. Kamfanoni irin su Command Spanish na jihar Mississippi suka fito da gajeriyar hanya don sauran 'yan sanda: babu nahawu, babu jujjuya aikatau, sai haddar jimloli. Ana ba jami'i ɗan kati ko ƙaramin littafi da zai shiga aljihu, layi uku-uku. Sama ga abin da yake son faɗa da Ingilishi, tsakiya ga Sifaniyancin, ƙasa kuma an rubuta masa yadda zai furta da ƙa'idar rubutun da ya saba. Alto, wato tsaya. No se mueva, kada ka motsa. Manos arriba, ɗaga hannu sama. Malami ya faɗa, aji ya amsa da ƙarfi, a maimaita har sai ya zauna a baki. Tambayoyin ma an ƙera su yadda amsar ba za ta wuce i ko a'a, ko nuni da yatsa, ko rubuta lamba ba, don an san jami'in ba zai gane doguwar amsa ba.

A matsayina na malami ba na raina wannan dabara. Tana aiki, tana kuma iya hana a harbi mutumin da laifinsa kawai bai gane umarni ba. Amma mu Hausawa mun san irin wannan harshe, don an yi da namu. Jami'an mulkin mallaka a Arewacin Najeriya sai sun ci jarrabawar Hausa kafin su ci gaba a aiki, kuma da Hausa ake ba sojoji umarni, har aka samu Barikanci. Mutum zai iya sa bataliya ta juya dama da hagu da wannan Hausar, amma ba zai iya zama da tsohuwa ya ji abin da ke damunta ba.

Nan ne makaranta ta bambanta da titi. Ɗan sandan makaranta ba kasafai yake buƙatar cewa a ɗaga hannu ba. Yawancin yininsa yana tare da yarinyar da ta ɓace wa motar makaranta tana kuka, ko yaron da aka ga tabon duka a wuyansa, ko uwar da ta zo a firgice don an kira ta a waya ba ta gane komai ba sai sunan ɗanta. Saboda haka kwas ɗin da aka tsara da hankali yakan fara da wasu jimlolin. ¿Cómo te llamas?, yaya sunanka. ¿Dónde te duele?, ina ke maka ciwo. No tengas miedo, kada ka ji tsoro. Ana koya masa ya yi wa yaro magana da tú, amma uwa ko uba sai usted, don wanda ya kira dattijo da lafazin yara ya rufe ƙofar tun kafin ya shiga. Ana kuma koya masa ya iya faɗa a fili cewa shi ba jami'in shige da fice ba ne. Matsalar ita ce duk waɗannan tambayoyi suna jawo amsa mai tsawo, cikin kuka da sauri, kuma kunne ya fi baki wuyar horarwa. Jimla ashirin za su zauna a mako ɗaya. Jin yaro mai shekara bakwai yana ba da labari cikin sheshsheƙa kuwa sai an shekara ana yi.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kotuna ma sun shaida. A 2011, a shari'ar J.D.B. da North Carolina, Kotun Ƙoli ta duba batun yaro ɗan shekara 13 da ɗan sanda ya fitar daga aji aka yi masa tambayoyi a rufaffen ɗaki, ta ce dole a yi la'akari da shekarun yaro wajen tantance ko ya kamata a karanta masa haƙƙoƙinsa. A 2013 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ƙi amincewa da bayanin wani da ake tuhuma a jihar Oregon, saboda jami'in da ya karanta masa haƙƙoƙin da Sifaniyanci bai isar da cewa lauyan da za a ba shi kyauta ne ba. A haɗa biyun a gani: yaro ƙarami, harshe aro, tuhuma mai nauyi. Wannan ba wurin ɗan koyo ba ne, wurin ƙwararren tafinta ne. Haka kuma ba daidai ba ne a jawo wani ɗalibi ya yi tafinta, balle a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa laifin da ake zarginsa da shi. Ga kuma yaran da suka zo daga tsaunukan Guatemala ko Oaxaca, waɗanda harshensu na gida K'iche' ne ko Mam ko Mixtec. Su ma Sifaniyancin koyo suke yi, sukan gyaɗa kai don ladabi ba don sun gane ba.

Ba kuma zan ce harshe maganin komai ba ne. A ranar 24 ga Mayu 2022, a firamaren Robb ɗin nan ta Uvalde, ɗan bindiga ya kashe yara 19 da malamai biyu, jami'ai kusan 400 suka taru amma aka ɗauki minti 77 kafin a afka masa. Da yawa daga cikin jami'an 'yan yankin ne, harshe bai zama musu shamaki ba. Abin da aka rasa ranar jagoranci ne. Amma sakamakon abin ya faɗa kan batunmu kai tsaye: a 2023 Texas ta wajabta jami'i mai makami a kowace makarantar gwamnati, kamar yadda Florida ta yi a 2018 bayan harbin da aka yi a wata makaranta a Parkland. A jihar da fiye da rabin ɗalibanta 'yan asalin ƙasashen Latin ne, wannan na nufin dubban sabbin masu kaki a gaban yaran da wasunsu ba su gama koyon Ingilishi ba.

Siyasa kuwa tana ta kai-komo. A 2000 Shugaba Clinton ya umarci hukumomin da ke karɓar kuɗin tarayya su tanadi hanyar yi wa marasa jin Ingilishi hidima. A Maris na 2025 Shugaba Trump ya soke wannan umarni, ya ayyana Ingilishi harshen hukuma. Sa hannun shugaba dai bai rage ko mutum ɗaya daga cikin sama da miliyan 40 da ke magana da Sifaniyanci a gidajensu ba, ko yara kimanin miliyan biyar da ke koyon Ingilishi a makarantu, waɗanda kusan kashi uku cikin huɗu daga irin waɗannan gidaje suka fito.

Da za a ba ni tsara irin wannan kwas, zan rage lokacin haddar umarni, in ƙara na sauraro: a kawo iyaye na gaske su yi magana da saurinsu na gida, jami'i ya koyi tsinto suna da wuri da ciwo daga cikin maganar. Zan kuma ware darasi guda kan iyakar abin da ya sani, ya iya cewa a dakata, zai kira tafinta, ya kuma kira ɗin. Da babu gara ba daɗi, gaskiya ne. Amma hukumar da ta ba jami'i katin aljihu ta ce ta gama, ba ta ɗauki tafinta ba, ba ta ɗauki 'ya'yan unguwar aiki ba, ta rage wa kanta kashe kuɗi ne kawai, nauyin yana nan a wuyanta.