Tarihin Ƴan Sha'awa a Manyan Gasannin Golf

A wasan golf, ɗan sha'awa shi ne wanda ke buga wasa ba tare da ya mai da shi hanyar cin abinci ba. Dokar wasan ta yarda ya kara da ƙwararru a fili ɗaya, amma ko shi ya zo na ɗaya ba zai taɓa kuɗin gasar ba. Manyan gasannin maza huɗu ne a shekara: Masters da PGA da US Open a Amurka, sai Open ta Biritaniya. Ta PGA gasar ƴan sana'a ce, sauran ukun kuma suna ware wa ƴan sha'awa gurabe. Ana buga ramuka 72 cikin kwana huɗu, mai ƙarancin bugu shi ke nasara, kuma bayan kwana biyu akan yi tankaɗe a sallami kusan rabin ƴan wasan.

Mai karatu a Tsibiri ko Jiratawa zai ga abin banbaraƙwai. A filin kokowa na Maradi, manomin da ya kayar da abokin karawarsa karɓar karinsa yake yi a gaban jama'a, kuma tun da aka fara gasar takobin ƙasa a 1975 ba a taɓa jin kyautar ta zubar wa wani da daraja ba. Golf kuwa ya taso ne a inda masu hali ke ganin karɓar lada a wasa aikin barori ne, kuma a kan wannan ra'ayi aka gina rabe-raben.

Asali

An fara Open a 1860 a Prestwick ta Sikotilan da mutum takwas, dukansu ƴan sana'a, irin mutanen da ke sassaƙa sanduna, su gyara fili, su ɗauki kayan masu gida. Shekara guda bayan nan aka buɗe ta ga kowa. Sai a 1890 ɗan sha'awa ya ci, wato John Ball na kulob ɗin Hoylake kusa da Libaful, kuma Harold Hilton na wannan kulob ya biyo shi a 1892 da 1897. Ɗan sana'a a wancan zamani ba a barinsa ya shiga ɗakin hutawar kulob. Har a 1920, da Walter Hagen ya zo daga Amurka buga Open a garin Deal, a cikin motar haya ya riƙa canza takalmi a ƙofar ginin.

Dokar da ta fi tsaurara wa talaka ita ce ta ɗaukar jaka. Yaron da ya ci gaba da ɗaukar wa mutane jakar sanduna ana biyansa bayan ya cika shekara 16, ya zama ɗan sana'a ke nan a idon hukumar wasan, ko bai taɓa shiga gasa ba.

Brookline, 1913

Francis Ouimet ya san wannan doka, shi ya sa ya ajiye jaka kafin ya kai shekarun. Gidansu na fuskantar filin Country Club a Brookline, kusa da Boston, titi kawai ya raba su. Mahaifinsa baƙo ne daga yankin Kanada mai jin Faransanci, leburanci yake yi, kuma bai ga abin da golf zai tsinana wa ɗansa ba. A 1913 aka kawo US Open wannan fili, aka ɗage ta zuwa Satumba don Harry Vardon da Ted Ray, gwanayen Biritaniya, su samu zuwa. Ouimet na da shekara 20, yana aiki a kantin kayan wasanni. Wanda ya ɗaukar masa jaka, Eddie Lowery, yaro ne ɗan shekara 10 da ya tsere wa makaranta.

Su ukun suka kammala da bugu 304 kowanne. Washegari, 20 ga Satumba, aka yi karawar raba gardama a jiƙaƙƙen fili: Ouimet 72, Vardon 77, Ray 78. Kafin a fara, an so a sauya wa Ouimet yaron da babban mutum mai gogewa, ya ƙi. Jaridun Amurka suka sa labarin a shafin farko, ƴaƴan talakawa suka fara ganin wasan na iya zama nasu, filayen gwamnati da kowa ke iya shiga suka yawaita.

Sai dai hukumar golf ta Amurka ba ta yi masa kara ba. A 1916 ta cire shi daga sahun ƴan sha'awa saboda ya buɗe kantin kayan wasanni, wai yana cin moriyar sunansa. Dillalin hannun jari da ke ƙulla ciniki da abokan wasansa a fili kuwa ba wanda ya tuhume shi. Mutane suka yi ca, daga baya aka mayar masa da matsayinsa. A 1951 ya zama kyaftin ɗin kulob ɗin R&A na St Andrews, na farko da ba ɗan Biritaniya ba.

Jones da Goodman

Jerome Travers ya ci US Open a 1915, Chick Evans a 1916, shi ma tsohon yaron jaka. Daga nan sai Bobby Jones, lauya daga Atlanta, wanda ya ci US Open sau huɗu (1923, 1926, 1929, 1930) da Open sau uku (1926, 1927, 1930). A 1930 ya haɗa waɗannan biyu da gasannin ƴan sha'awa na ƙasashen biyu a shekara guda, ya yi ritaya yana ɗan 28. Gwanintarsa ba abin musu ba ce, amma ya kamata a tuna ɗan babban lauya ne.

Johnny Goodman na Omaha ya sha bamban. Mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, uban ya watsar da su, ɗaukar jaka ce ta ciyar da shi. Ya fitar da Jones a zagayen farko na gasar ƴan sha'awa ta 1929, sannan ya ci US Open a 1933. Tun daga ranar ba ɗan sha'awar da ya sake cin ɗaya daga manyan gasannin maza. A ɓangaren mata, Bafaranshiya Catherine Lacoste ta ci US Open ta mata a 1967, kuma har yau ita kaɗai ce ƴar sha'awar da ta yi haka.

Ranar ƙarshe

Jones na cikin waɗanda suka kafa Masters a 1934, kuma ya so ƙwarai ɗan sha'awa ya ci ta. Har yanzu akan sauke ƴan sha'awa a wani ɗaki a saman ginin kulob ɗin Augusta, inda ake buga gasar. An kusa a 1956: Ken Venturi, mai sayar da motoci daga San Francisco, ya shiga ranar ƙarshe da ratar bugu huɗu, iska ta taso, ya buga 80, Jack Burke ya wuce shi da bugu ɗaya. Irin haka ta samu Paul Dunne na Ailan a gasar Open a St Andrews a 2015. Ya shiga zagayen ƙarshe cikin masu jagoranci, ya buga 78, ya faɗo na 30.

Ba rashin iya bugu ke kayar da su ba. Ƙwararre ya saba da kwana huɗu a jere gaban dubban ƴan kallo, ya san yadda zai yi barci yana kan gaba, kuma ba shi da wani aiki sai atisaye. Sannan kuɗin gasa ya yi yawan da duk matashi mai baiwa ba ya jimawa bai koma sana'a ba. Justin Rose ya zo na huɗu a Open ta 1998 yana ɗan 17, ya zama ƙwararre nan take, tankaɗe ya fitar da shi sau 21 a jere kafin ya farfaɗo ya ci US Open a 2013. A Janairun 2024 Nick Dunlap, ɗalibin jami'a, ya ci wata gasar ƙwararru a Kalifoniya, kyautar fiye da dala miliyan ɗaya da rabi ta tafi hannun wanda ya zo na biyu. Cikin ƴan kwanaki shi ma ya sauya sheƙa.

Afirka

Filayen golf na Kano da Kaduna da Zariya da Jos Turawan mulki ne suka kafa su don kansu. Saboda ƙarancin ruwa, an daɗe ana shimfiɗa yashi haɗe da mai a kewayen rami maimakon ciyawa, haka ma a filin da ke kusa da Yamai. Rabon aiki bai canza sosai ba: manyan ma'aikata da hafsoshin soja da attajirai su ne ƴan sha'awa, yawancin ƙwararrun Najeriya kuwa da ɗaukar jaka suka fara, domin wanda ke neman na abinci ba zai iya buga wasa kyauta ba. Gasar Nigerian Open, wadda Sandy Lyle ya ci a 1978, Vijay Singh kuma a 1988 da 1989, ta haɗa su da baƙi na tsawon shekaru.

A 2022 aka sassauta dokar, ɗan sha'awa na iya karɓar tallafin kamfani da kyautar da ba ta wuce dala 1,000 ba. A 2024 R&A ta ƙirƙiro gasar ƴan sha'awa ta Afirka a Leopard Creek ta Afirka ta Kudu, wanda ya ci kuma yana samun gurbi kai tsaye a Open. Ɗan ƙasar mai masauki, Altin van der Merwe, shi ya ci ta farko, ya buga a Royal Troon a watan Yulin shekarar.