Rikicin Siffofi Ashirin a Zamanin Shehu Usmanu

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure a ƙasar Hausa ya san Ummul Barahina, ɗan littafin tauhidin nan na Shehu Muhammadu Sanusi, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yanzu, wanda ya rasu a 1490. Littafin bai fi 'yan warƙoƙi ba, amma ya taɓa raba kan al'umma a wannan yanki namu.

A cikinsa Sanusi ya jera siffofi 20 da suka wajaba ga Allah Maɗaukaki: samuwa, rashin farko, wanzuwa, saɓa wa halittu, tsayuwa da kai da kaɗaitaka, sannan iko, nufi, sani, rayuwa, ji, gani da zance, sai bakwai na ƙarshe, wato kasancewarSa Mai iko, Mai nufi, har zuwa Mai zance. Bai tsaya ga jerawa ba, ya kawo hujjojin hankali. Alal misali, duniya tana sauyawa, abin da ke sauyawa fararre ne, fararre kuwa dole yana da wanda ya fare shi, kuma da Mahaliccin nan ba Shi da iko, da babu abin da zai samu.

Fulani sun rungumi littafin ƙwarai, har suka gina masa sharhin baka da Fulatanci da ake kira Kaɓɓe, wanda ake haddacewa. A ƙarni na 17 wani malamin Bagarmi, Muhammadu al-Wali, ya mayar da irin wannan sharhi zuwa Larabci a littafinsa Manhajul Farid.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. Malaman kalam sun daɗe suna muhawara kan imanin mai koyi, wato wanda ya gaskata Allah don ya ji iyayensa da malamansa sun faɗa, ba tare da ya san dalili ba. Sanusi kansa ya tsananta a wannan mas'ala. Sai wasu ɗalibai suka ɗauko zancen daga zaure suka kai shi kasuwa. A wajensu, wanda bai iya kawo siffofin nan da hujjojinsu ba, kafiri ne. Ka dubi abin da wannan ke nufi ga manomi ko makiyayin da ke salla da azumi tun tasowarsa: ba a cin yankansa, aurensa ma ya shiga shakka. Makamancin haka ya faru a Sijilmasa ta Maroko, inda malam Hasanul Yusi, wanda ya rasu a 1691, ya yi musu raddi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taras da wannan fitina a shekarun wa'azinsa kafin hijirar Gudu ta 1804, kuma bai ɗauke ta da wasa ba. Ɗansa Muhammadu Bello ya faɗa a Infaƙul Maisuri cewa Shehu ya yi wallafa fiye da 50 kan waɗannan mutane. Hisnul Afhami na cikin littattafan da ya warware ruɗunsu. Hujjarsa a fili take: Manzon Allah (SAW) da sahabbai sun karɓi musuluncin mutanen ƙauye da kalmar shahada, ba su titsiye kowa da tambayoyin manɗiƙi ba, kuma hukuncin duniya a kan zahiri yake, abin da ke zuci na Allah ne. Kada a zaci ya raina ilmin. Shi ma da siffofin nan yake karantar da jama'a tauhidi. Abin da ya ƙi shi ne a mai da su ma'aunin kafirta talaka. A ganina, da ya bi bayan ɗaliban nan, da wuya ya tara jama'ar da ta taru masa a Degel.

Sai dai tambayar wane ne musulmi ba ta mutu a nan ba. Da jihadi ya kankama, Shehu da mutanensa sun kafirta sarakunan Hausa, suna cewa hujjarsu ayyuka ne na zahiri, kamar yanka ga duwatsu da itatuwa da kuma yaƙar musulmi. Da yaƙi ya isa Borno aka ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Kanemi ya aiko da wasiƙu yana cewa saɓo ba kafirci ba ne, yana neman a nuna masa dalilin yaƙar masu salla. Bello ya amsa masa, ya kuma adana wasiƙun ɓangarorin biyu a cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812.