Noma da Yaɗuwar Hausa a Ƙasar Gombe

Buba Yero ne ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadi, ya zauna a Gombe Abba. Turawa suka mayar da hedkwata Nafada a 1913, sannan Doma, wato Gombe ta yau, a 1919. Albarkar ƙasar noma ta janyo baƙin manoma, musamman bayan bunƙasar auduga da isowar jirgin ƙasa a 1963. Dazuzzuka suka koma gonaki, namun daji suka ja da baya, ko da yake dorinar Dadin Kowa na nan tana ɓarna a gonaki. Ta wannan hanya Hausa ta mamaye kasuwa, ta shiga gidaje, Bolanci da Teranci suka takura. Wajibi ne manazarta su taskace kalmomin noma da farauta na waɗannan harsuna tun dattawa na raye.