Karl Freund: mutumin da ya koya wa kyamara tafiya

Jama'a, idan fim ya burge mu, jarumi muke yabo, sai kuma darakta. Mai ɗaukar hoto kuwa ko sunansa ba ma tsayawa mu karanta. To yau ga labarin ɗaya daga cikinsu.

An haifi Karl Freund a 1890 a yankin Bohemiya, ya tashi a Balin, babban birnin Jamus. Tun yana matashi ya fara da aikin haska fim a sinima, daga nan ya kama kyamara.

A wancan zamanin galibi kafe kyamara ake yi wuri guda, 'yan wasa su yi ta kai-komo a gabanta. A 1924, a fim ɗin Der letzte Mann na darakta F. W. Murnau, Freund ya ɗora ta a kan keke, ya kuma ɗaura ta a ƙirjinsa yana tangaɗi, don mai kallo ya ga duniya yadda wanda ya bugu ke ganinta. Labarin wani dattijo ne mai tsaron ƙofar otal da aka mayar mai kula da banɗaki. Fim ne marar magana, rubutu ma kusan babu, amma hoto kaɗai ya isa ka ji zafin wulaƙancin. A 1927 yana cikin waɗanda suka ɗauki Metropolis na Fritz Lang.

A 1929 ya koma Amurka. Shi ya ɗauki Dracula a 1931, ya ba da umarnin The Mummy a 1932, ya kuma ci kyautar Oscar da The Good Earth na 1937. A 1951 ya tsara wa shirin talabijin I Love Lucy fitilu yadda kyamara uku za su yi ɗauka lokaci guda a gaban 'yan kallo. Har yau ana bin wannan tsari.

Sai dai Freund Bayahude ne. Da Hitila ya hau mulki a 1933, masana'antar da ya taimaka aka gina ta rufe wa irinsa ƙofa. A 1937 ya je Jamus ya ɗauko 'yarsa. Tsohuwar matarsa da ta rage a can, 'yan Nazi suka kashe ta a 1942.

Ya rasu a Kalifoniya a 1969. Jamus ce ta horar da shi, Amurka ta ci moriyarsa. Ƙasar da ke tambayar asalin mutum kafin ta duba aikinsa, haka take asarar gwanayenta.