Gubar arsenik a ruwan sha: maganin da ke aiki da wanda ba ya yi

Arsenik sinadari ne mai guba da ke cikin wasu duwatsu, yana narkewa ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ba shi da launi ko wari ko ɗanɗano, kuma tafasa ruwa ba ta fitar da shi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙayyade kada ya wuce mikrogram 10 a lita ɗaya.

Inda abin ya fi muni shi ne Bangaladesh da jihar Bengal ta Yamma a Indiya. Tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse domin raba mutane da ruwan tafki mai kawo kwalara. Sai a 1993 aka tabbatar akwai guba a rijiyoyin Bangaladesh. A yankinmu ma, an samu rijiyoyi masu arsenik da yawa a Yatenga, arewacin Burkina Faso, inda duwatsun suke ɗauke da zinariya.

Cutar ba ta gaggawa. Sai an yi shekara biyar ko fiye ana shan ruwan sannan baƙaƙen tabo su fito a ƙirji da baya, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta. Daga baya tana iya kai wa ga kansar fata, ta huhu ko ta mafitsara.

Akwai magungunan da ke kama gubar a cikin jini su fitar da ita ta fitsari. Na farkonsu shi ne BAL, wanda aka haɗa a Oksfod ta Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. Allura ce mai zafi. DMSA da DMPS kuwa ana iya haɗiyarsu. DMSA ne likitocin MSF suka bai wa yaran Zamfara daga 2010, sai dai wannan gubar dalma ce, ba arsenik ba.

Ga wanda ya sha arsenik mai yawa a lokaci guda, waɗannan magunguna suna ceton rai idan an ba shi da wuri. Ga mai tsohuwar guba, labarin ya sha bamban. Arsenik ba ya daɗewa a jini, galibinsa yakan fita cikin ƴan kwanaki, amma ɓarnar da ya yi ta riga ta zauna. A gwajin da Dokta Guha Mazumder ya jagoranta a Kolkata, wanda aka buga a 1998, waɗanda suka sha DMSA ba su fi waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba magani a cikinta samun sauƙi ba. Gwajin DMPS na 2001 ya nuna raguwar wasu alamomi, amma fatar ba ta sauya ba, kuma mutanen da aka gwada kaɗan ne. Magungunan kan kuma kwashe zinki da tagulla da jiki yake buƙata, don haka ba a shansu sai a hannun likita.

Batun bitamin C da E da seleniyom, waɗanda ake cewa suna kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, talla ta fi hujja yawa. Seleniyom ma idan ya wuce kima yana zubar da gashi, yana lalata farce. Wanda ya fi ƙwaƙƙwarar shaida shi ne folik asid, wanda ake bai wa masu juna biyu. Yana taimaka wa hanta ta juya arsenik ya fita cikin sauƙi. A Araihazar ta Bangaladesh, mikrogram 400 kullum na mako 12 ya rage gubar a jinin masu ƙarancinsa da kusan kashi 14 cikin ɗari.

Matakin da likitoci ke farawa da shi dai shi ne raba majinyaci da ruwan. A Bangaladesh ana auna rijiya, a shafa jan fenti ga mai guba, kore ga mai kyau. Sai abinci mai wake, ƙwai, kifi da ganye, da man salisilik na tausasa kanta, da duba fata a kai a kai, domin haɗarin kansa yana nan shekaru da dama bayan an sauya ruwa.