Intanet a cikin gida: Rauta, katangar tsaro da shiga daga nesa

Rauta ita ce 'yar na'urar nan da ke karɓo intanet daga kamfanin sadarwa, ta rarraba wa wayoyi da kwamfutoci da talabijin ɗin da ke cikin gida, ta waya ko kuma ta Wi-Fi. A Najeriya akasarinsu layin salula ake saka musu, ko da yake akwai masu jawo wayar faiba a manyan birane, sannan tun shekarar 2023 kamfanin Starlink ya fara samar da intanet ta tauraron ɗan'adam a ƙasar.

Kowace na'ura da ke kan intanet tana buƙatar adireshi. Tsohon tsarin da ake kira IPv4 yana da adireshi kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar da ke hannunta. Saboda wannan ƙaranci, gida guda adireshi ɗaya yake samu daga waje. Rauta ce ke bai wa na'urorin cikin gidan nasu adireshin na cikin gida, wanda yawanci ke farawa da 192.168, tana kuma riƙe lissafin wanda ya nemi me, domin amsa ta koma wurin mai ita.

Katangar tsaro

Aikin katangar tsaro ya yi kama da na mai gadin zaure. Saƙon da wani na cikin gida ya aika a kawo, za a bar shi ya shiga. Wanda ya zo haka kawai ba tare da an kira shi ba, sai a mayar da shi. Kusan kowace rauta ta zamani tana zuwa da wannan katanga a kunne, kuma da wuya masu kutse su tsaya fasa ta, domin sau da yawa masu gidan ne ke bar musu ƙofa a buɗe.

A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarorin tsaro, ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda masana'antu ke sakawa tun daga kwali. Da waɗannan na'urori aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari a ranar 21 ga Oktoba na shekarar, har shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari jama'a da dama. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi ba.

Don haka kalmomin sirri biyu ne ya kamata a sauya tun ranar farko: ta Wi-Fi, da kuma ta shiga saitin rautar kanta, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Wajen kulle Wi-Fi kuwa, a zaɓi WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018. Tsohon tsarin WEP tun 2001 masana suka nuna yadda ake karya shi. Baƙi da maƙwabta a buɗe musu sashen baƙi, wanda ba ya kaiwa ga kwamfutocin gidan. Rautar da kamfaninta ya daina sabunta mata manhaja kuma, gara a canza ta ko da tana aiki.

Shiga daga nesa

Nan ne aka fi yin kuskure. A ce ɗan kasuwar Kantin Kwari ya tafi Dubai sayen kaya, yana son ganin kyamarar shagonsa ko ta gidansa. Hanyar da aka saba ita ce a buɗe ƙofa ɗaya a katangar, a nufe ta da kyamarar. Amma akwai manhajojin da ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa irin waɗannan ƙofofi, musamman mai lamba 3389 ta sarrafa kwamfutar Windows daga nesa. Kyamarar da ke kallon tsakar gida, idan kalmar sirrinta mai rauni ce, tana iya nuna iyalin mutum ga wanda bai taɓa sani ba. Tsarin UPnP ma, wanda ke barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa, ya fi kyau a kashe shi in ba a buƙatarsa.

Abin da ya fi aminci shi ne VPN, wato ɓoyayyiyar hanya tsakanin wayar matafiyi da gidansa, wadda sai mai mabuɗi ke bi. WireGuard, da aka shigar cikin Linux a 2020, na daga cikin masu sauƙin kafawa, kuma rautoci da yawa suna zuwa da shi.

Sai dai masu amfani da layin salula na da wata matsala ta daban. Galibin kamfanonin waya suna haɗa masu hulɗa da yawa a kan adireshi guda, saboda haka babu ƙofar da mai gida zai buɗe a same shi daga waje. A irin wannan hali sai a koma ga manhaja kamar Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, inda na'urar cikin gida ce ke fara miƙa hannu waje. Duk wannan kuma sai da wuta: in rauta ba ta kan batiri ko sola, da zarar an ɗauke lantarki hanyar ta yanke.