Faifan bidiyo tsakanin Kano da Gure: tarihin zaɓen girman hoto

Garin Gure na ƙasar Nijar, tsohuwar cibiyar sarautar Muniyo da ke gabas da Damagaram a kan babbar hanyar Diffa, ya daɗe yana kallon finafinan da ake shiryawa a Kano, tun zamanin kaset ɗin bidiyo, wanda a kansa aka fitar da Turmin Danya a 1990. A wancan lokacin hajar takan taso daga shagunan Ƙofar Wambai da Bata, ta tsallaka iyaka zuwa Damagaram, sannan ƙananan 'yan kasuwa su yi gabas da ita.

Da faifan VCD ya fara ture kaset a shekarun 2000, sai masu kwafi suka shiga wata sabuwar shawara, wato ta girman hoto, ma'ana adadin ɗigogin da ake jerawa a kwance da kuma a tsaye don su haɗu su ba da siffa. Ƙa'idar VCD, wadda kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka fitar a 1993, ta tsayar da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye ga ƙasashen da talabijin ɗinsu ke nuna hoto 25 a daƙiƙa, yayin da tsarin Amurka ya tsaya a 352 da 240. Nijar ta ɗauki tsarin talabijin na SECAM irin na Faransa, Najeriya kuma ta bi PAL, amma da yake dukansu biyun suna aiki da layi 625, faifan da aka buga a Kano yakan kunnu a Gure ba tare da an sake juya shi ba, sai dai tsohon akwatin talabijin da SECAM kaɗai yake karɓa yakan nuna hoton baƙi da fari. Faifai guda kuwa ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, abin da ya sa dogon fim ke zuwa a faifai biyu.

Zuwan DVD, mai gigabayit 4.7 da hoton da ke kai ɗigo 720 da 576, bai kawo gyaran da ya kamata ba, domin ƙa'idarsa ta yarda a sauka har zuwa 352 da 288, masu kwafi kuma suka gane cewa mai saye ya fi son finafinai da yawa a faifai ɗaya, sai suka riƙa matse hoton domin finafinan su shiga. Illar takan fito fili a wurin rawa da waƙa, inda motsi ya yi yawa, sai fuskar jaruma ta farfashe zuwa ƙananan murabba'ai, rubutun fassara na ƙasan allo kuma ya dushe har ya gagara karantawa.

Asarar da wannan zaɓi ya jawo babba ce, domin ɗigon da aka zubar a lokacin matse fim ba ya dawowa ko da an sake faɗaɗa hoton, kuma duk fim ɗin da kaset ɗinsa na asali ya lalace, wannan matsattsen kwafi ne yakan rage ga masu nazari, kuma daga gare shi aka ci gaba da turawa zuwa katin memori da wayoyin hannu bayan kasuwar faifai ta ja baya.